Lallen Hannu Ɗaya

Ku yi haƙuri da dogon shirun da kuka ji. Da hannun hagu nake rubuta muku wannan, da babban yatsa ɗaya, wayar a jingine da filo, saboda haka in kun ga na tsallake harafi kada ku ce Sadiya ta manta boko. Na daman yana ƙarƙashin cinyata, na danne shi. Da yawanku kun turo kuna tambayar hotunan biki, wata ma har da cewa na yi aure na manta da ku. Babu hotunan biki, 'yan uwa. Yau zan faɗa muku dalili, kuma ba zan wanke kaina ba.

Ga waɗanda yanzu suka shigo, sunana Halimatussa'adiyya, amma in kun zo Gwaram sai kun ce Sadiya mai ɗinkin hula, 'yar Malam Haladu, kafin a nuna muku gidanmu. Shekara biyu da suka wuce gashina ya fara zubewa, gaɓoɓina suka riƙa ciwo har allura ta gagare ni riƙewa da safe, wani tabo mai duhu ya kwanta min a kumatu ya haɗe ta kan hanci. An sha jiƙe-jiƙe, an yi na sanyi, an yi na shawara. Sai a babban asibitin Birnin Kudu wata likita, Dakta Hafsat, ta sa masa suna. Lupus. Ta ce garkuwar jikina ce ta rikice, maimakon ta kare ni sai ta juyo kaina. Ba a ɗaukarsa daga jikin mutum, amma kuma ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi da magani.

"Ki guji rana," ta ce min. "Kada ki ajiye magani ko da kin ji garau. Sannan ƙwayar tsarin iyali ko ta tsayar da al'ada, kada ki kuskura sai kin tambaye ni, don jininki mai saurin daskarewa ne."

Na ce to. Har rubutawa na yi a bayan katin asibitin don kada in manta. Ban kuwa manta ba, wannan ne ya fi ci min rai.

Tun a hanyar komawa gida ranar Inna ta kama hannuna ta ce, "Daga ni sai ke sai Malam. A garin nan in aka ce ciwo ba ya warkewa, ba sa tsayawa su ji sunansa, su za su raɗa masa wanda suka ga dama." Ban ga laifinta ba a lokacin, har yanzu ma ban gani ba sosai.

Duk Talatar farkon wata nake komawa asibiti, a ɗebi jini, a ba ni magani. Ta nan Safiyanu ya shigo rayuwata. Ɗan Birnin Kudu ne, yana jan motarsa ta haya tsakanin garinsu da namu. Dogo ne, marar yawan magana, irin direbobin nan da ba sa cacar baki da fasinja a kan kaya. Ranar da ya fara tambayata me ke kai ni garinsu duk wata, bakina ya riga hankalina.

"Zare nake sarowa. Na hula."

"A Gwaram babu zare?"

"Akwai, amma ba mai kyau ba."

Ya yi murmushi ta madubi. Daga nan kullum a bakin kasuwa yake sauke ni, in tsaya sai motarsa ta ɓace, sannan in tari ɗan acaɓa zuwa asibiti. A tafiya ta huɗu na lura ya fara ajiye min kujera a gefen da rana ba ta duka, da safe wannan ɓangaren, da yamma wancan. Wata rana mun ɗan wuce garin Sara rana ta juyo kaina, sai ya gangara gefen titi, ya ciro sallayarsa ya maƙala a gilashin da ke kusa da ni. Wata tsohuwa a baya ta ce, "Mu fa, direba? Mu duwatsu ne?" Mota ta ɗauki dariya. Ni kuwa kaina ya yi girma, na ce a raina bawan Allah ba ya son in yi baƙi. Kun ji wauta.

Bayan wata takwas ya turo magabatansa, Baba ya yi bincike ya ce ya ba shi.

Na so in faɗa masa, Allah ne shaidata. Ban san sau nawa na tura masa saƙo ba cewa, "Akwai maganar da nake so mu yi." Nan da nan zai amsa, "Ina jin ki, Mai hula." In zuba wa wayar ido, daga ƙarshe in rubuta, "Wace kalar zare kake so a hular angonci?"

"Maganar ke nan?"

"Ita ce."

"To, ruwan toka."

Da aka yi mana gwajin aure takarda ta fito fes. Ni AA, shi AA, babu ƙanjamau, babu ciwon hanta. Inna ta ɗaga takardar sama kamar ita ta ci jarrabawa.

"Kin gani ko? Abin da aka ce a duba ke nan, an kuma duba. Abin da ba a tambaye ki ba, me zai sa ki kai ƙarar kanki?"

"Inna, gida ɗaya fa za mu zauna. Ina zan ɓoye magani?"

"In an ɗaura an ɗaura. Kya faɗa masa a ɗakinki, lokacin ya san wace ce ke."

Ta tashi ta tafi madafi, ta bar ni da tambayata. Ina zan ɓoye magani? Tambayar nan ta kwana ta wuni a kaina har ta haifi abin da ta haifa.

A cikin magungunan akwai wata 'yar farar ƙwaya da ke kumbura fuska. Ranar da aka kawo lefe, ana ta buɗe akwatuna ana ɗaga leshi da atamfofi ana guɗa, ƙanwar Safiyanu, Zuliha, ta leƙo ɗakina ta dube ni ta kwashe da dariya.

"Amaryarmu ta yi kumatun amarci tun ba ta shigo ba. Me Yaya yake kawo miki ne a mota?"

Wasa take, babu komai a ranta. Amma suna tafiya na ɗauki madubi. Fuskata ta yi zagaye kamar fanke, wuyana ya cika. Na tuna hotunan da za a ɗauka, na tuna ɗinkin da tela ya riga ya auna. A nan wani lissafi ya zo min, wanda a lokacin na ga ya fi na kowa wayo. In na yi wata biyu ban sha magani ba kuma ban ji komai ba, ke nan na warke. Wanda ya warke kuwa ba shi da abin da zai faɗa wa kowa.

Na juye magungunan a wani tsohon gwangwanin madara na tura ƙarƙashin gado. Ko Inna ban gaya wa ba, wannan nawa ne ni kaɗai, kada wani ya ɗora mata.

Talatar farkon wata ta zo, na tura wa Safiyanu cewa kada ya ajiye min kujera, ina da sauran zare.

"Kin tabbata ba za ki je ba?"

"Na tabbata."

"Zan iya zuwa in ɗauke ki ke kaɗai, ba sai an jira lodi ba."

"Ka bar shi, na gode."

Na ga alamar yana rubutu, ya daɗe, ya tsaya, ya sake farawa. Daga ƙarshe abin da ya shigo kalma ɗaya ce. "To."

Fuskata kuwa ta faɗa, har ƙawaye suna tambayata wane haɗi nake sha. Gwiwoyina da yatsuna sun dawo da ciwon safe, na ce ai zaman ɗinki ne. Gashi ya fara cika mataji, na ce ai kitso ne ya yi tsauri. Duk abin da jikina ya faɗa min sai na samo masa amsa.

Saura sati biyu biki Gwaggo Azumi ta iso daga Kano, ƙanwar Baba, ita ce mai gyaran amaren danginmu. Ta zo da dilka da halawa da turaren tsuguno, gidan gaba ɗaya ya ɗauki ƙamshi. Tana cikin murza min dilka a baya ta ce, "Ke, yaushe kika yi wankan al'ada?" Na faɗa mata. Ta lissafa da yatsu, ta saki salati.

"Ranar ɗaurin auren cif zai zo miki. Ba a kai amarya haka, 'yar nan."

Ta jawo jakarta ta ciro wani ɗan kwali na ƙwayar tsayar da al'ada ta miƙa min. "Ɗaya kullum, daga yau. Amaren birni duk shi suke sha, ba ya komai."

Gwaggo ba ta san komai ba. Ita dai an ce mata na taɓa yin sanyin ƙashi. Na riƙe kwalin ina jin muryar Dakta Hafsat a kunnena tar, ina ganin rubutuna a bayan kati. In na ce ba zan sha ba, za ta ce don me. In na faɗi don me, kafin la'asar dangi sun ji, kafin Juma'a Birnin Kudu ta ji. Na ɓalli ɗaya na kora da ruwan randa tana kallona.

Kwana tara ina sha, abin ya fara. Ina ƙarasa hular Safiyanu, saura ɗan gefe, allura ta kuɓuce ta soke ni. Na ɗauka ta sake kuɓucewa. Na duba yatsun hannuna na dama, sai na ga suna motsi su kaɗai, kamar mai jan carbi ba carbi. Na dunƙule su, suka buɗe. Washegari kafaɗa ta shiga, tana zabura ba da izinina ba. Sai na koyi dabara: in hannun ya tashi sai in kai shi kai kamar zan gyara ɗankwali, ko in sosa kunne. A wuni ɗaya na gyara ɗankwali ya fi sau ɗari.

Baba ya dawo daga gona ya ce in kawo masa ruwa. Na san in na riƙe kofin da dama zan watsa masa, sai na durƙusa na miƙa da hagu. Bai karɓa ba.

"Sadiya, da hagu? Gidan mutane fa za ki."

Na sa hannu biyu, na hagun yana danne na daman, rabin ruwan ya zube a tabarma. Ya dube ni ya ce zumuɗin aure ne, Allah ya shirya. Na yi dariya tare da shi, na shiga ɗaki na yi kuka.

Ranar Laraba aka yi lalle, saura kwana uku ɗaurin aure. An shimfiɗa tabarmi a rumfar tsakar gida, ƙawayena sun cika, an kunna waƙa a waya, ana rabon zoɓo da cincin. Na sa doguwar riga ta atamfa mai ruwan ganye, na zauna a kan hannuna na dama kamar yadda nake zaune yanzu. Mansura mai lalle ta fara da hagu. Yarinyar akwai hannu, ta zana min fulawa tun daga farce har gwiwar hannu, baƙi da ja, kowa yana ɗaukar hoto.

"Kawo ɗayan, amarya."

Na ciro shi. Ta ɗora a cinyarta, ta ja layi ɗaya, hannun ya murɗe.

"Ki tsaya mana."

"Na tsaya."

"Wallahi ba ki tsaya ba. Ko cakulkuli kike ji?"

Aka yi dariya. Ƙawaye biyu suka riƙe min shi, ɗaya a wuyan hannu ɗaya a kafaɗa. Da ma in na tsorata abin ya fi tashi. Hannun ya fizge daga riƙonsu ya shafe lallen a hijabin Mansura, ƙafata ta dama ta harba ta kifar da kwanon, bakina ya karkace gefe kamar ina yi wa mutane gatsine. Na buɗe baki in ce ku yi haƙuri, harshena ya yi nauyi, abin da ya fito ni ma ban gane shi ba.

Wata ta kashe waƙar. Na ji wata a baya tana a'uziyya a hankali.

Gwaggo Azumi ce ta fara magana. "Iska ce. Da ma amarya a tsakanin lalle da turare ba a barin ta haka. Ku tashi, ku tashi, a ba ta wuri." Kafin a kira azahar an watse, kowa ta tafi da labari a bakinta.

Aka ɗauko malami ya yi min ruƙiyya. Don gajiya barci ya kwashe ni bayan la'asar, kuma wai ina yin barci jikina ya tsaya cak. Na farka na ji Gwaggo a bakin ƙofa tana cewa, "Kun gani ko? Ciwon asibiti yana sanin mutum ya yi barci ne? Wannan na mutanen ɓoye ne."

Inna ta shigo ta saki labule. Ta tsaya a kaina.

"Sadiya, kina shan maganinki?"

Na nuna mata ƙarƙashin gado da ido. Ta durƙusa ta jawo gwangwanin, ta buɗe, ta gan shi cike. Na nuna mata kwalin Gwaggo a ƙarƙashin filo. Ba ta zage ni ba, ba ta dake ni ba. Zama ta yi a ƙasa daɓas da gwangwanin a cinyarta. Da ta dake ni da ya fi min sauƙi.

Tana nan zaune wayarta ta yi ƙara. Hajiya ce, mahaifiyar Safiyanu, labari ya riga ya isa Birnin Kudu. Na ji Inna ta gyara murya.

"Lafiya lau, Hajiya, alhamdu lillahi. 'Yar iska ce ta taɓa ta, irin ta amare. Ana ta addu'a."

Ina ji, na juya fuskata ga bango.

Washegari da hantsi Safiyanu ya zo, motarsa babu fasinja ko ɗaya. Daga ɗaki ina jiyo shi a zaure yana cewa, "Baba, a yi min izini in kai ta asibiti. Addu'a a ci gaba da yi, amma a je." Baba ya ce to. Aka riƙo ni aka sa a mota, Inna a gefena ta ja mayafi ta rufe rabin fuska don kunyar suruki. Kafin ya tayar sai da ya zagayo ya maƙala sallayar nan a gilashina. A asibitin bai tambayi kowa hanya ba, kai tsaye ya wuce da mu ɓangaren da Dakta Hafsat take zama. Ban lura da wannan ba sai daga baya.

Tana ganina ta ajiye biro. "Sadiya, wata biyu ban gan ki ba." Sai ta dubi Safiyanu da ke tsaye a bakin ƙofa. "Wannan fa?"

"Shi ne zai aure ta," in ji Inna, kanta a ƙasa.

Likitar ta juyo gare ni. "In yi magana a gabansa?"

Na ji yatsun Inna sun matse min cinya. Na ɗaga ido na dubi Safiyanu. Babu fushi a fuskarsa, kallona kawai yake, kamar mai jiran a kira sunansa. 'Yan uwa, in da za a ce in zaɓi minti ɗaya a rayuwata a dawo min da shi, wannan zan zaɓa. Na tattara harshena mai nauyi na ce, "Ya fita."

Ya gyaɗa kai, ya ja ƙofar a hankali.

Dakta Hafsat ta ce in matse yatsunta. Hannuna ya matse ya saki, ya matse ya saki, kamar mai tatsar saniya. Ta ce in fito da harshe in riƙe, ya ƙi tsayawa. Na faɗa mata komai, gwangwani da kwalin Gwaggo. Ta dubi katina, ta juya bayansa, ta ga rubutuna, ta mayar ta kife.

"Ba iska ba ce," ta ce wa Inna. "Ciwon nata ne ya taɓa wani wuri a ƙwaƙwalwa, wurin da ke tace motsi, ya bar wanda mutum ya yi niyya ya hana sauran. Shi ya sa jikin ke motsi ba da sonta ba. In ta yi barci yana tsayawa, haka yake ga kowa. Ajiye maganin ya buɗe masa ƙofa, wannan ƙwayar kuma ta tura shi ciki."

"Za ta warke?"

"Yawanci yana lafawa, wani a makonni, wani a watanni. Ku gode wa Allah a nan ya tsaya. Da jini ne ya toshe hanya, da yanzu shanyewar ɓarin jiki muke magana." Ta dube ni. "Kuma ki ji, Sadiya. Yana iya dawowa, musamman da juna biyu. Ranar da za ki ɗauki ciki sai mun shirya tare, da ke da mijin. Wannan ba ciwon da mace ke riƙewa ita kaɗai a gidan aure ba ne."

Kwana takwas na yi a kwance, ana ƙarin ruwa da allurai, aka ɗauki hoton kaina. Asabar ɗin da aka buga a katin gayyata a kan gadon asibiti ta same ni, ina kallon fanka, hannu ɗaya da lallen amarya ɗaya a ɗaure da zani a jikin gado don kada ya fizge robar ruwa. Baba ya aika aka ce an ɗaga. Safiyanu kullum sai ya zo da kwanon abinci daga gidansu, ya ba Inna a baranda ya juya. Bai shigo ba ko sau ɗaya. Ni na ce ya fita, ai.

Ranar da aka sallame ni Inna ta tafi karɓo magani, ta bar mu a mota a ƙarƙashin wata darbejiya. Yana gaba, ina baya. Bai juyo ba, ta madubi ya yi magana, kamar ranar farko.

"Mai hula, wata goma sha huɗu kina zuwa saro zare. Ban taɓa ganin ki da ledar zare ba. Auduga nake gani manne a hannunki."

Ya ci gaba.

"A tafiya ta uku jakarki ta kife a kujera, katin ya faɗo. Na ga sunan ciwon, na mayar miki. Na nema a waya, ban gane ba, na je wurin wani abokina ma'aikacin jinya ya zaunar da ni ya yi min bayani. Har zancen rana, har zancen haihuwa. Duk na sani kafin in turo iyayena."

Sallayar tana nan maƙale a gilashin kusa da fuskata. Na dube ta, sai a lokacin na gane me take yi a wurin.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Sirrinki ne. Na ce ranar da kika yarda da ni, da bakinki za ki faɗa. Duk sanda kika ce akwai magana, sai in gangara gefen titi in kashe mota in jira. Sai ki ce kalar zare." Ya shafa fuskarsa. "Ni ma ina da nawa laifin. Ranar da kika ce ba za ki je ba, na rubuta miki 'Na sani, ki zo mu je.' Na goge. Na ce kada in kunyata ki. Da na tura, da ba mu zo nan ba."

Kuka ya ci ƙarfina, hannun kuma ya tashi yana dukan kujera, na rasa wanda zan riƙe a ciki.

"A ofishin likita na ce yau kam za ta ce in zauna," ya ce. "Sadiya, ciwon nan zan iya zama da shi, na daɗe da yanke wannan. Abin da ban sani ba, ko zan iya zama da matar da ta gwammace ta rasa ranta da ta faɗa min gaskiya."

Inna ta buɗe ƙofa ta shigo da ledar magani, ya tayar da mota.

Yau kwanana goma sha biyu a gida. Ina shan magani a kan idon kowa, na ajiye shi a kan madubi inda duk wanda ya shigo zai gani. Fuskar ta fara dawowa fanke, na ce sannu da zuwa. Bakina ya saki, ƙafar ta lafa, saura hannun. Lallen Mansura ya fara koɗewa a hagu, na dama kuwa layi ɗaya ne a karkace. Hular ruwan toka tana nan da allura a soke a gefenta. Gwaggo Azumi ta koma Kano tana kuka, wai ita ta cuce ni, na rantse mata ba ita ba ce ta ƙi yarda.

A can Birnin Kudu kuwa, dangin Safiyanu har yanzu abin da Inna ta faɗa suka riƙe. An ce wasu sun ba Hajiya shawara a haƙura, wai mai iska ba ta rabuwa da ita, har 'ya'ya take bi. Shekaranjiya bayan azahar saƙonsa ya shigo, na farko tun ranar darbejiya.

"Hajiya za ta zo duba ki jibi da safe. Ban gaya mata komai ba, ba kuma zan gaya mata ba. Ban ce na fasa ba, ban ce ina nan ba. Abin da kika faɗa mata shi zan ji."

Na nuna wa Inna. Ta karanta, ta zauna a bakin gado.

"Iska ana cewa ta tafi, Sadiya. Wata biyu in hannun ya tsaya, a ce an yi addu'a an rabu, a sa sabuwar rana. Wannan kuwa in kika faɗa, kin faɗa har abada. Wace uwa ce za ta ji an ce ba ya warkewa, haihuwa ma sai da likita, ta ce a kawo wa ɗanta?"

"Ban sani ba, Inna."

"To ki yi tunani."

Na yi. Tun asuba na yi wanka, na sa atamfar nan mai ruwan ganye, har yanzu akwai ɗigon lalle a gefen hannunta. Na zauna ina rubuta muku don kada in zauna da zuciyata ni kaɗai. Yanzu na ji tsayuwar mota a ƙofar gida, na san ƙarar injin nan ko a cikin mota ɗari. Ga sallamar Hajiya a tsakar gida, Inna tana amsawa tana shimfiɗa tabarma. Ta ɗaga labule ta leƙo, ta ce a hankali, "Kin dai ji abin da na ce miki."

Na ji. Katin asibitin yana kan cinyata, da sunan ciwon a gaba da rubutuna a baya. Baba ya hana ni miƙa wa babba abu da hagu, amma shi kaɗai ne hannun da ke jin maganata yanzu. Da shi zan miƙa mata.